Balasa Ta Zo Hajji

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda ɗa yake durƙusawa ya yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Shehunki ne, mai dukkan, wato kantin fure, a unguwar Jarwal ta Makka.

Na san takarda ba ta isa inda kike, addu'a ce take isa. Amma shuɗin furenki ya sauko daga dutse yau da hantsi, kin kuwa san ni, in magana ta cika mini baki sai na furzar. Na kuma ga gara in rubuta, don mutanenmu masu zama a bencin ƙofar dukkan bayan la'asar su ji, su huta da tambayata. Duk shekara sai sun ce me zai sa mutum mai hankali ya rufe kanti, ya hau dutse, saboda furen da ba ya sayarwa. To, ga amsar. Ke zan faɗa wa, su saurara.

Kin san yadda na fara. Faifai ɗaya ne, da damin ɗoɗɗoya wadda mutanen nan ke kira raihan. Ke kike yayyafa mata ruwa da asuba kafin ki ɗora kaskon suyar gyaɗarki, ni kuma in ɗauka in zagaya hanyoyin Harami. Makaranta na taɓa ta sama-sama, na kai mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, na bari, don cikin gida ya fi allo kira. Yau dukkanina ƙofa biyu gare shi, ga gilashi, ga motar ɗaukar kaya da sunana a jikinta. Ban gada ba, ba a kuma ba ni ba. Duk Jarwal ke kaɗai ce kike iya kallona ki ce, “Shehu, kan nan naka in ya ƙara girma sai mun faɗaɗa ƙofar gida.”

Ba furen da ban kawo miki ba. Wardin Ɗa'ifa, ful, kadi, duk wanda ya fi kyau a kaya naki ne. Sai ki shinshina, ki sa mini albarka, sannan ki ce, “Ja da fari da ruwan ɗorawa. Garin nan Allah Ya ba shi komai, sai shuɗi ne bai ba shi ba.”

Daga nan sai labarin balasa. Kika ce a ƙauyenku na gabashin Kano, in damina ta kankama, akwai wata ciyawa da take bin gefen gonar gero, furenta ƙanƙane, shuɗi kamar an ɗiga baba. Da safe ta buɗe, kafin azahar ta rufe. Kuna yara kuna yankar ta ku kai wa awaki, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Kika baro ta da ƙafa, ku da Baba. Kuka ratsa Chadi, kuka kai Fashir inda kika haife ni, kuka tsinci auduga a Jazira inda Baba ya kwanta dama, sannan kika goyo ni kika shiga jirgin ruwa a Sawakin. Ban taɓa jin kin ce kina kewar gida ba. Wa zai zauna maƙwabtaka da Ɗakin Allah ya buɗe baki ya ce yana kewar wani wuri? Sai dai ki ce balasa.

Sai idonki ya fara hazo. Na kai ki wurin likita, ina tsammanin yanar ido ce za a kankare. Ya ce ba ita ba ce, wannan irin a hankali yake cinye gani, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Muka kamo hanyar gida. Ke kuwa kika ce, “Idon da ya ga Ka'aba me ya rage masa?” Ni dai na san abu ɗaya da ya rage masa. A raina na ce ko ƙasa da sama za su haɗu, sai kin ga shuɗin fure kafin fitilar nan ta mutu.

Allah Ya kawo shi ta inda ban zata ba. A ƙarshen Zulƙida na hau Hada, can saman dutsen Ɗa'ifa, sayen wardi wurin Amm Rashid, dattijon nan mai lambu da nake hulɗa da shi tun ina ɗan faifai. Na zagaya bayan ɗakinsa neman ruwan alwala, sai na tsaya cak. A ƙarƙashin itatuwan mishmish, inda rana ba ta sauka sosai, ƙasa ta yi shuɗi. Kowane kara siriri ne, tsawon kamu ɗaya da ɗoriya, ya ranƙwafa gefe guda, furanni sun jeru a jikinsa suna reto kamar 'yan ƙararrawa, bakinsu na kallon ƙasa. Amm Rashid ya ce ɗansa da ya yi karatu a Ingila ne ya kawo masa irin, wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙananan albasa. Ya ce shi jaras yake ce mata, wato ƙararrawa, kuma sau ɗaya take fitowa a shekara, 'yan makonni kaɗan, ta koma ƙasa ta yi barci.

Ban tambaye shi komai ba. Ni da na girma cikin fure in tambayi wani yadda ake ɗaukar fure? Na zaɓi waɗanda suka buɗe tun daga ƙasa har sama, na fizgo su da hannu da tsakar rana, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu yadda muke yi wa wardi, na ɗora a saman kaya. Lokacin ana kan fasa dutse don sabon titi, sai tsohuwar hanyar Sail muka biyo, mai tsawo da zafi.

Kin tuna da na shigo ina kiranki tun daga zaure? Na durƙusa na kwance buhu a gabanki. Abin da ke ciki ya narke, ya zama wani yauƙi mai launin toka. Kika sa hannu kika ɗago, yana zuba yana ja. Kika ce, “Shehu, kuɓewa ce ko lalo? A tuƙa tuwo?” Sa'adatu matata ta yi dariya har ta riƙe bango. Ni ma da ƙyar na yi. Mausim, lokacin Hajji, ya shigo, alhazai suka cika gari, ban samu kaina ba sai bayan sun watse. Da na koma Hada, ganye kawai na tarar.

Shekarar nan ta yi mini tsawo, Inna. Ina kallonki kina gane mutane da takunsu kafin su yi sallama. Ina kallonki kina zuba shayi kina sauraron ƙarar kofi don ki san ya cika. Idon dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu ya rage kamar hasken da ke shigowa ta ƙofar da aka saya. Ni kuwa na riƙe ranar da na ga furen a kaina, ƙarshen Zulƙida, na ce ba zan ƙara ko rage ba.

Da watan ya zagayo na hau, na isa da yamma, na wuce kai tsaye ƙarƙashin mishmish. Kore na tarar. Karan sun fito, amma furannin duk a dunƙule suke kamar ƙwayar alkama, sai na can ƙasa ɗaya ko biyu ne suka ɗan buɗe baki. Na juyo ina faɗa, kamar Amm Rashid ne ya hana su. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Ya Usman, azumi da Hajji su ne suke bin wata. Fure sanyi yake bi da rana. Ka zo da wuri, ka dawo bayan kwana goma.”

Mu da muka tashi a Makka, komai namu da wata muke auna shi, haya da biki da ciniki. Ba mu da damina balle ta koya mana wani lissafi. Ban taɓa kawowa a raina cewa watanmu yana matsowa gaba kowace shekara ya bar fure a baya ba. Kwana goman da ya ce kuwa ranar Arfa ce. Motata an riga an kama ta haya don jigilar tantuna zuwa Mina a waɗannan kwanakin, hanya za ta zama ta alhazai, in kuma na jira bayan Sallah zan sake tarar da ganye. Idonki ba zai jira wata shekara ba, wannan na sani. Na ce masa ya ba ni su a haka. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai taɓa yankar ta don tafiya ba, bai san abin da za ta yi ba, amma in na nace, in kwana, mu yanka da sanyin safiya.

Bayan sallar asuba muka shiga. Ya kafa mini sharuɗɗa kamar mai ba da auren 'ya. Da wuƙa mai kaifi za a yanka, ba fizga, don fizga tana raunata albasar da ke ƙasa. Kada in taka ganye, kada in yanke shi, don shi yake ciyar da furen baɗi. In kuma wanke hannu bayan na gama, don yauƙin nan yana sa ƙaiƙayi, ita kanta albasar guba ce, ba ta miya ba ce. Sauran dabarar tawa ce, ba kuma zan bar wa kowa ita ba. Na ce abin da ya kashe na bara buhu ne da rana. Na samo gwangwanin man girki na wanke shi tas, na cika da ruwan rijiyar dutse mai sanyi, duk karan da aka yanka a take ya shiga ruwa a tsaye.

Da kin ga ɗanki a hanyar Sail. Na bar direba da tuƙi, na zauna a gaba da gwangwani tsakanin gwiwoyina. Na cire ƙyallen kaina na jiƙa shi, na yi wa furen rumfa. Duk ramin da muka faɗa sai ruwa ya fantsamo mini a farar riga. Da muka tsaya a shagon gahawa don in nemi ƙanƙara, na fito kai ba rufi, gaban riga sharkaf, mai shayin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ya shekh, bayan gida yana can baya.” Mutumin da ake tashi a gaishe shi a kasuwar Jarwal ke nan. Ban kula shi ba. Na sayi ƙanƙarata na jefa a gwangwani muka wuce.

Wannan karon ban yi kira daga zaure ba. Na ajiye a gabanki shiru. Kika shafa, kika shinshina, kika ce, “Bara kuɓewa, bana lawashi. Baɗi sai ka kawo daddawa mu haɗa miya.” Na ce ki ba ta kwana biyu. Ni kaina ban san ko za ta buɗe ba. Amma fuskata ta mai dukkan ce.

Duk gidan ba inda ya kai gindin zir sanyi, babbar randar nan ta zaure da take ɗiga ruwa a ƙasa. Nan kike shimfiɗa tabarmarki da rana. Kika naɗe ta da kanki kika ce a ba baƙuwa wurin. Sannan kika ɗaga murya kika ce, “Sa'adatu, baƙuwa ta sauka, a turara ta.” Kafin in ankara ga Sa'adatu da kaskon turare yana hayaƙi, za ta kai gindin gwangwani, yadda ake yi wa duk wanda ya shigo gidanmu da daraja. Na yi tsalle na tare ta. Tunda na yi wayo, ranar ce na fara hana ki abin da kika sa a yi. Na ce zafi da hayaƙi za su kashe ta. Kika ce, “To. Baƙuwar da ba ta son turare, Allah dai Ya sa tana sallah.”

Kullum da safe kafin in fita sai na zubar da ruwan jiya, in wanke gwangwanin har yauƙin ya fita, in ɗan datse gindin kowane kara a karkace, in cire duk abin da ya nutse a ruwa, in zuba sabo daga zir. Na kwashe kwandon ayaba daga zaure, don na lura a dukkan duk furen da ya kwana kusa da mai ayaba ba ya daɗewa. Saƙƙanmu, Bayamanen nan mai kawo mana ruwa a garwa, ya ga ana ƙara masa zirga-zirga, ya ce a mausim, ruwa yana wuya, wani yana shayar da ciyawa. Kika ce masa, “Ba ciyawa ba ce, ɗiyar Shehu ce, ba a dai yi suna ba.”

Sai ta fara buɗewa, daga ƙasa tana hawa. Ranar da na ga rabin kowane kara ya zama 'yan ƙararrawa, na ɗauko gwangwanin na kai bakin taga, inda haske yake shigowa amma rana ba ta taɓawa. Na kamo hannunki na zaunar da ke. Na zaro kara ɗaya na ba ki. Kika kai shi dab da idon hagu, kina juya shi a hankali, kina neman inda hasken yake. Kin daɗe. Sa'adatu tana bayana, ina jin numfashinta.

Kika ce, “Shuɗi ne.”

Kika sake juya shi. Kika ce, “Balasa ce. Ta yi tsawo, ta yi kunya, amma ita ce. Ashe ita ma ta zo Hajji.”

Na san ba balasa ba ce, Inna. Daga ƙasar sanyi ta fito, ba ta taɓa ganin gonar gero ba. Amma ni da ba a faɗar kuskure a gabana in yi shiru, ranar na yi shiru. Kika ɗaga ta saitin fuskata kika ce, “Dubi yadda take sunkuyar da kai, ga kyau ga ladabi. Ka koya.” Har yau ban koya ba, amma ina tunawa.

Kafin azahar kin aika unguwannin Tandabawi da Utaibiyya. Tsofaffin ƙawayenki da kuka tako hanya tare suka cika zaure, kowacce da sandarta. Gwaggo Ladi, mutuniyar Damagaram, ta duba ta ce wannan ba balasa ba ce, balasa a ƙasa take rarrafe. Kika ce, “Ke ma da kika zo a ƙasa kike rarrafe, yanzu ga ki a bene.” Zaure ya kaure da dariya. Aka kawo shayi da gyaɗa. Kowacce ta karɓi kara ɗaya ta kai ido, sai sunayen garuruwa suka fara fitowa, da na rafuka, da na awakin da suka mutu tun kafin a haife ni. Ban taɓa jin kin yi magana mai yawa kamar ranar ba. Na tsaya a bakin ƙofa, ba wadda ta tuna da ni, ban kuma ji haushi ba.

Kowace safiya sai ki sa a kai ki bakin taga ki duba wadda ta ƙaru. Na ƙasa suna yanƙwanewa ina tsinke su, na sama suna buɗewa. Ta can ƙololuwa ba ta buɗe ba sai ana jibi Arfa, ina ɗaure kayan Mina. Da na zo a kan lokaci na yanko buɗaɗɗu, da kwana ɗaya za ki yi da su. Da na zo da wuri, sai suka zo suka buɗe a gabanki ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa wa mutanen benci cewa ni ko kuskure na yi riba yake kawowa. Suka ce Allah Ya shirye ni.

Da shekara ta zagayo na sake kawo miki, amma fitilar ta riga ta mutu. Na shigo na miƙa miki su. Kika shafa 'yan ƙararrawar da yatsa kika ce, “Me ya sa ka yi shiru? Ba sai na gani ba, na riga na ajiye nawa.” Bayan 'yan watanni muka kai ki Ma'ala. A nan ba a kai fure maƙabarta, ni ma ban nemi in kai ba. Wurinta gindin zir, inda kika ba ta.

Yanzu sabon titin ya buɗe, kafin ƙanƙara ta narke na iso gida. Na daina ƙidaya wata. Amm Rashid ne yake aiko direba ya ce ta ƙasa ta buɗe baki, in zo. Bana a Muharram ta fito. Wani mai otel ya gani ya ce in riƙa kawo masa duk abin da lambun ya bayar, in faɗi abin da nake so. Na ce masa wardi da ful nawa ne, ya ɗiba, amma wannan tana da mai ita. Dami ɗaya nake yankowa. Rabi ya zauna a zaure, rabi in raba wa ƙawayenki da suka rage. Gwaggo Ladi har yanzu cewa take ba balasa ba ce, amma ita take fara aiko jikarta karɓa.

Ga kuma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan tafiyarki Allah Ya ba mu 'ya mace, muka sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Ta fara surutu, rabi Larabci rabi Hausa, kamar sauran yaran unguwa. Yau da na ajiye gwangwani a gindin zir, ta zo ta tsuguna ta daɗe tana kallo. Sai ta tashi ta shige ciki. Can na ji ana jan abu a ƙasa. Kaskon turare ne take turowa da hannu biyu, tana nishi, tana cewa, “Baba, baƙuwa.” Ba wanda ya koya mata, gani take ana yi wa baƙi.

Na miƙe zan hana, yadda na hana ki. Sai na fasa. Na juye tokar da guntun garwashin da ke ciki, na goge kaskon ya huce, na mayar mata. Ta tura shi har gindin gwangwani, ta zauna tana fifita hayaƙin da babu shi wajen furen. Yanzu haka da nake rubutun nan suna can su biyu, ita da baƙuwarki. An turara ta a ƙarshe, Inna, kamar yadda kika ce a yi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba da ke kwance a Jazira. Allah Ya mayar miki da ganinki fiye da na ƙuruciya, Ya sa kabarinki ya zama dausayi daga dausayoyin Aljanna, Ya sanyaya shi kamar yadda kika sanyaya mana. In akwai gonar gero a can, Allah Ya sa balasa tana bin gefenta, irin wadda ba ta rufewa da azahar. Ya haɗa fuskokinmu cikin rahamarSa. Amin.

Ɗanki mai babban kai, wanda ba ya sunkuyar da shi sai ga Allah sai gare ki,

Shehu.